Wane littafi zan karanta don in fahimci ɗan wasan biyar?

Baban Nasiru, Bukoki, Yamai

Assalamu alaikum, jama'a. Tambayata a kan wasan nan ne da mu a Yamai muke kira biyar bisa lafazin Faransanci, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya suke ce wa sunuka, wato wasan tebur mai koren ƙyalle da ake tura ƙwallaye da sanda har su faɗa rami.

Ɗan yayana, wanda nake riƙo tun rasuwar mahaifinsa, yana da shekara 19, kuma bana zai sake zama jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare. Shekara 2 ke nan da ya kamu da son wannan wasa. Da farko na ɗauka abin fada ne kawai irin na samari, kamar lido ko karta, sai wani maƙwabcina ya ce in je in gani da idona. Na je wani dare bayan sallar isha'i, na tsaya daga bakin ƙofa ban bari ya gan ni ba, kuma abin da na gani ya hana ni barci. Yaron ya iya, irin iyawar da ko wanda bai san wasan ba zai gane. Yana duban tebur kamar mai karanta allo, kafin ya buga ƙwallo ɗaya ya riga ya san inda farar za ta tsaya domin ta gaba, kuma ɗakin yakan yi tsit idan ya sunkuya. Amma na kuma ga wasu manya biyu a gefe suna miƙa wa juna kuɗi a kan wasansa, shi kuwa ko ɗaga kai bai yi ba, alamar abin ba baƙo ba ne a wurinsa.

Ban yi masa magana ba tukuna, domin na san idan na buɗe baki ban san abin da nake faɗa ba, zai saurare ni don ladabi kawai ya koma inda ya fito. Ni kuwa da karatu na saba fahimtar abu. Ba littafin koyon riƙe sanda nake nema ba. Ina son wanda zai nuna mini rayuwar masu wannan wasa: yadda suke farawa, abin da suke ci da shi, da yadda suke tsufa. Ina karanta Faransanci sosai, Ingilishi kuma ina lallaɓawa da ƙamus. Idan akwai wanda zan iya miƙa wa yaron bayan na gama, to ya fi.

Mushe Ila, Yantala

Wa alaikumus salam, Baban Nasiru. Allah ya ba da ladan riƙon maraya, ya shirya mana su baki ɗaya. Na daɗe ina koyar da Faransanci a lise, wato babbar sakandare, kuma tun ina ɗalibi nake taɓa wannan wasa jefi-jefi, saboda haka ina da ɗan abin faɗa.

Ka fara da littafin Walter Tevis, marubucin Amurka, wanda ya fito a 1959 da sunan The Hustler, aka fassara shi zuwa Faransanci da sunan L'Arnaqueur. Ƙagaggen labari ne, amma marubucin ya yi aiki a gidan biyar a garin Lexington na jihar Kentucky tun yana saurayi, don haka ƙurar alli da hayaƙin taba da ke cikin shafukan ba na aro ba ne. Labarin wani matashi ne mai suna Eddie Felson, wanda ya yarda babu mai hannu irin nasa, ya taso daga Kalifoniya har Shikago domin ya kara da wani gwani da ake kira Minnesota Fats. Sun kwana sun wuni suna bugawa, Eddie ya yi gaba da dubban daloli, kuma da ya ajiye sanda a wannan lokaci, da ya tafi da riba mai yawa. Bai ajiye ba. Ya ci gaba da shan giya yana jin daɗin kansa, shi kuwa babban ya je ya wanke fuska da hannu, ya gyara rigarsa, ya dawo kamar yanzu aka fara, ya kwashe kuɗin kaf har da wanda yaron ya zo da shi. Wannan babi kaɗai ya isa dalilin neman littafin, domin a nan marubucin ya nuna cewa hannu daban ne hali daban, kuma idan zama ya yi tsawo mai hali ne yake cinye mai hannu.

Amma wanda ya fi shafar damuwarka, a ganina, shi ne mutum na uku a labarin, Bert Gordon. Shi a gefe yake zama, yana zuba kuɗi a kan mai bugawa, yana ɗaukar kaso mafi tsoka idan an ci. Idan ka karanta yadda yake magana da Eddie, yana yabonsa yana kuma karya masa gwiwa a numfashi ɗaya har yaron ya ji ba zai iya komai ba sai da shi, za ka san irin idon da ya kamata ka duba manyan nan biyu da shi. Akwai kuma wurin da Eddie ya yaudari waɗanda ba a yaudara a wani ƙaramin gidan wasa, suka kama shi suka karya masa manyan yatsunsa biyu, ya yi makonni ko maɓallin rigarsa ba ya iya sa wa kansa.

An yi fim da littafin a 1961, Paul Newman ne ya fito a matsayin Eddie. Ina ba da shawara a karanta kafin a kalla, domin fim ɗin ya sauya ƙarshen labarin matar da ke ciki, kuma kwarjinin ɗan wasan kwaikwayon yakan sa samari su tashi da sha'awar zama Eddie maimakon jin tsoron makomarsa. Tevis ya rubuta ci gaban labarin a 1984, shekarar da ya rasu, kuma sunansa da Faransanci La Couleur de l'argent. A can Eddie ya manyanta, ido ya fara rauni, samari sun zo da wani salon wasa mai ƙwallo 9 wanda bai ƙware a kai ba, dole ya koma koyo kamar sabon shiga. Tun da ka tambayi yadda suke tsufa, wannan ne amsarka. Fim ɗin da Martin Scorsese ya yi a 1986 da wannan suna labarinsa daban ne, kada ka ɗauka ya wadatar.

Sai kuma wani ɗan gajeren labari da na sha karanta wa ɗalibaina, La Partie de billard na Alphonse Daudet, a cikin Contes du lundi na 1873. Lokacin yaƙin Faransa da Jamusawa na 1870 ne. Sojoji suna tsaye cikin ruwan sama da taɓo suna jiran umurni, babban kwamandansu kuwa yana cikin wani katafaren gida yana buga biyar da wani ƙaramin hafsa, kuma ba ya barin wasa idan ya fara. Abokan gaba suka kawo hari, manzanni suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, shi yana ƙirga maki. Ya ci wasansa, rundunarsa ta watse. Shafuka kaɗan ne, ana samunsa kyauta a intanet, kuma yaron da ke da bak a gabansa ba ya bukatar a fassara masa abin da ake nufi.

Alhaji Mai Tebur, Tawa

Salamu alaikum. Baban Nasiru, Allah ya raya, ya sa ka ci moriyarsa. Mushe Ila ya yi bayani irin na malamai, kuma ban ƙi ko ɗaya daga cikin littattafan da ya ambata ba, sai dai ina roƙon kada a fara ba yaron Tevis. Kai ka karanta, shi a dakata. Shekara 14 nake da tebura a nan Tawa, na kuma yi zaman kasuwanci a Legas inda na koyi Ingilishi, kuma na ga yadda samari suke karanta labari: abin da suke so suke ɗauka su bar sauran. Yatsun da aka karya ba za su tsaya masa a rai ba, komawar Eddie ya ci Fats daga baya ita ce za ta tsaya.

Ni abin da ya buɗe mini ido littafin wani malamin nazarin zamantakewa ne, Ned Polsky, mai suna Hustlers, Beats, and Others, na 1967. Shi kansa ɗan wasan ne, ya yi shekaru yana zama a gidajen biyar na Amurka yana lura da masu neman abinci da caca a kan tebur. Abin da ya bayyana, wanda na daɗe ina gani ban iya faɗa ba, shi ne cewa jarin ɗan cacar biyar ɓoye iyawarsa ne. Dole ya riƙa kuskure da gangan, ya ci da ƙyar, wani lokaci ya bari a ci shi, domin abokin karawar ya ga kamar saura ƙiris ya rama, ya ƙara kuɗi. Ranar da gari ya san ainihin ƙarfinsa, kasuwarsa ta mutu, sai ya ba da rata mai yawa kafin a yarda a buga da shi, ko ya tashi ya nemi garin da ba a san fuskarsa ba. Ka duba wannan sana'a da kyau, Baban Nasiru. Maƙeri yana son a san ya iya, tela yana rataye ɗinkinsa a ƙofar shago, shi kuwa wannan kullum cikin ƙaryata baiwar da Allah ya yi masa yake.

Na ga haka a ɗakina. Akwai wani yaro da ya fara zuwa yana goge mini tebur ina barinsa ya buga kyauta idan babu mutane, cikin shekara 3 ya zama babu mai tsayawa gabansa a unguwar. A lokacin dala 20, wato sefa 100, nake karɓa a kowane wasa, kuma na hana caca a cikin ɗakin, amma ba ni da iko da abin da ake ƙullawa a waje. Wasu masu kuɗi suka riƙa ɗaukarsa a mota zuwa Ƙonni da wasu garuruwa, a sa shi ya yi kamar baƙauye, a ci jikkuna, a ba shi abin shan shayi. Da aka gane shi ko'ina, suka sake shi suka nemi wani. Ya dawo ba lakkol, ba sana'a, ga bashin da ya ci yana tsammanin tafiya ta gaba za ta biya. Yau kabu-kabu yake yi, kuma idan ya biyo ta ƙofata ba ya shigowa. Har yanzu ina tuhumar kaina a kan ban je wurin mahaifinsa da wuri ba, shi ya sa da na ga tambayarka na kasa yin shiru.

Idan kana son jin irin wannan rayuwa daga bakin wanda ya yi ta, akwai McGoorty, wanda Robert Byrne ya fitar a 1972. Ya zauna da wani tsohon ɗan wasa mai suna Danny McGoorty, ya ɗauki maganarsa a faifai, ya mai da ita littafi, kuma tsohon ya rasu kafin a buga shi. Mutum ne da ya yi yawo a ɓoye cikin jiragen ƙasa na kaya, ya sha giya har ta ci ƙarfinsa, ya kuma yi gogayya da manyan gwanayen zamaninsa. Ina gargaɗinka cewa bakinsa babu linzami, akwai batsa da yawa a ciki, ba littafin da za a ajiye inda yara suke ba ne. Na zamani kuma akwai Running the Table na Jon Wertheim, na 2007, a kan wani matashi ɗan New Jersey da ake wa laƙabi da Kid Delicious, mai fama da ciwon damuwa, wanda ya zaga Amurka yana caca. A ciki za ka ga yadda salula da intanet suka rage wa wannan hanya kwana, domin kafin baƙo ya gama shafa alli an riga an tambayi wani gari ko wane ne shi.

Wanda zan ba yaron da hannuna shi ne Willie's Game, tarihin Willie Mosconi, wanda ya fito a 1993, shekarar da ya rasu. An haife shi a Filadelfiya a 1913, mahaifinsa yana da gidan biyar amma ba ya son ɗan ya bi wannan hanya, har yakan kulle ƙwallaye, yaron kuwa ya riƙa gwaji da dankalin turawa da sandar tsintsiya. Ya girma ya riƙe kambun duniya sau da yawa daga 1941, kuma a 1954, a garin Springfield na jihar Ohio, ya jefa ƙwallo 526 a jere ba tare da kuskure ko ɗaya ba, adadin da ya tsaya shekara 65 kafin John Schmidt ya yi 626 a 2019. Mosconi ya ƙi jinin a haɗa shi da 'yan caca. Da kwat yake shiga wasa, kamfanin Brunswick mai ƙera tebura yana biyansa domin ya zaga gari-gari yana nuna gwaninta, da haka ya ciyar da iyalinsa.

Wani abin lura kuma, sunan Minnesota Fats ƙirƙirar Tevis ne. Bayan fim ya yi kasuwa, wani ɗan caca mai suna Rudolf Wanderone, wanda a da ake kira New York Fats, ya ɗauki sunan ya ce da shi ake nufi, ya kuma yi suna da baki fiye da sanda. A 1978 aka haɗa shi da Mosconi a talabijin, Mosconi ya doke shi, amma jama'a da yawa maganganun Fats suka riƙe. R. A. Dyer ya rubuta littafi a kan wannan gaba tasu, The Hustler & the Champ. Ko da yake na ce a ba yaron tarihin Mosconi, a gaya masa gaskiya cewa albashin kamfani ne ya riƙe Mosconi, kuma ni a shekara 14 ban ga wanda ya gina ko ɗaki ɗaya da sanda a garin nan ba, sai mu masu tebur, mu ma da ƙyar.

Rakiya, ɗaliba, Harobanda

Ina wuni, Baba. Ina karatun kimiyyar lissafi da fiziks a Jami'ar Abdu Mumuni, kuma na san ka ce ba littafin koyon wasa kake nema ba, amma ka yi haƙuri in kawo wani gefe, tun da ka ambaci bak.

Abin da ka gani yaronka yana yi, wato sanin inda farar ƙwallo za ta tsaya, darasi ne da ke cikin manhajar lise. Idan fara ta bugi wata ƙwallo a karkace, tana zamewa ba ta juyawa gaba ko baya a lokacin haɗuwar, to hanyoyinsu biyu sukan rabu da kusurwa mai digiri 90, domin nauyinsu ɗaya ne kuma ƙarfin da ke ɓacewa a karon kaɗan ne. Duk gwanin tebur ya san wannan a hannunsa ko bai taɓa rubuta shi ba. Gaspard-Gustave Coriolis, masanin Faransa wanda ake karanta sunansa a darasin juyawar duniya da karkatar iska, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan wasa a 1835, Théorie mathématique des effets du jeu de billard. Ya yi shi ne bayan ya kalli bugun François Mingaud, tsohon hafsan sojan da ake danganta wa ƙirƙirar ɗan fatar nan da ke bakin sanda, wanda shi ne ya ba da damar murɗa ƙwallo ta dawo baya ko ta bi gefe. Lissafin littafin ya fi ƙarfin ɗan lise, amma ko shafin farko aka nuna masa, zai ga cewa abin da yake yi da dare da abin da ake koya masa da safe ba abokan gaba ba ne. Mai sauƙi kuma shi ne Byrne's Standard Book of Pool and Billiards na 1978, na Robert Byrne ɗin da Alhaji ya ambata, cike yake da zane, ko mai ƙaramin Ingilishi zai bi shi.

Batun samu kuwa, masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da Babbar Kasuwa sukan nemo abu idan an bar musu suna a takarda, sai dai a yi haƙuri da jira. Na Coriolis tsoho ne, ana sauke shi kyauta. Na Ingilishi ya fi sauƙi a yi saƙo wurin mai zuwa daga waje.

Sani, Wadata

Baba, barka da dare. Ƙaramin gyara nake so in yi domin kada sunaye su rikita ka wajen nema, tun da wasannin iri uku ne. Wanda ake bugawa a unguwanninmu, mai ƙwallo 15 da fara, dangin na Amurka ne, kuma a kansa Tevis da Mosconi suke magana. Na Faransa, wanda ke cikin labarin Daudet, ƙwallo 3 ne kawai, kuma teburin da ake gasarsa a yau ba shi da rami ko ɗaya. Sunuka na ainihi kuwa na Ingila ne, teburinsa ya kai kusan mita 3 da rabi, ƙwallayensa 22, kuma a nan ne kuɗin gasa mai kauri yake. Tun 1977 ake yin gasar duniya a zauren Crucible da ke Sheffield, kuma wasan ƙarshe na 1985, wanda Dennis Taylor ya ci Steve Davis 18 da 17 a kan baƙar ƙwallo ta ƙarshe, mutum miliyan 18.5 ne suka kalle shi a Birtaniya har bayan tsakar dare.

Na faɗi haka ne domin idan ka yi wa ɗan'uwana maganar Alhaji, zai ce maka shi gasa zai shiga, ba caca ba, kuma ya kamata ka san wannan ɓangaren ma. Ka nemi tarihin Alex Higgins, From the Eye of the Hurricane, na 2007. Ɗan Belfast ne, ya ci kambun duniya a 1972 da 1982, shi ne ya jawo wa wasan farin jini a talabijin, amma giya da caca suka cinye abin da ya tara, ya rasu a 2010 shi kaɗai a ɗakinsa bayan doguwar jinyar ciwon dajin maƙogwaro. Ka haɗa shi da Running na Ronnie O'Sullivan, na 2013. Shi ya ci kambun sau 7, ya kuma yi maki 147, wato cikakken makin da ake samu a jere ba kuskure, cikin minti 5 da 'yan daƙiƙoƙi a 1997, amma littafin ya fi magana a kan ɗaurin da aka yi wa mahaifinsa yana ɗan shekara 16, da shaye-shaye, da ciwon damuwa, da yadda gudun safe da taimakon likitan ƙwaƙwalwa suka tsayar da shi. Na fi son wannan littafi a kan sauran duka, domin mutumin bai ɓoye cewa ko ranar da ya ɗaga kofi yakan kwana cikin ƙunci ba. Kuma masu zuba kuɗi daga gefe ba su bar manyan gasa ba: a 2023 an dakatar da 'yan wasan ƙasar Sin su 10 a kan badaƙalar sayar da wasa, 2 daga cikinsu har abada.

Mushe Ila, Yantala

Alhaji, na karɓi gyaranka a kan tsarin karatun, kai ne kake ganinsu kullum a bakin tebur. Abu ɗaya kawai zan ƙara. A ƙarshen L'Arnaqueur, bayan Eddie ya ci Fats, Bert yana nan zaune yana jiran kasonsa, kuma ya sanar da shi cewa ba zai ƙara buga babban wasa ba sai ta hannunsa. Ban ɗauki wannan a matsayin nasara ba, kuma ina ganin yaro mai hankali, idan babba ya zauna ya karanta wannan shafi tare da shi, shi ma ba zai ɗauka ba. Sai dai tarihin Mosconi da Ingilishi yake, yaron kuma Faransanci ya iya, ka ga dole wani ya zauna da shi ko ta wane littafi aka fara. Baban Nasiru, ina da Tevis duka biyun a gida, zan iya ba ka aro.

Baban Nasiru, Bukoki, Yamai

Na gode ƙwarai, jama'a, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mushe, na sauke labarin Daudet na karanta shi sau 2 jiya da dare, kuma in sha Allahu zan zo Yantala ranar Juma'a bayan masallaci in karɓi littattafan, zan aiko maka da saƙo ta keɓe domin kwatance. Rakiya, Allah ya ba da sa'ar karatu. Na gwada maganar digiri 90 a kan yaron da safe muna karin kumallo, ban ce masa na je na gan shi ba. Ya ajiye kofinsa ya ɗauko lemun tsami 2 ya nuna mini a kan tabarma, har ya ƙara da cewa idan farar tana birgima gaba kusurwar takan tsuke, abin da ban sani ba. Rabon da ya yi mini magana mai tsawo haka tun kafin sakamakon bara. Sani, na rubuta sunayen Higgins da O'Sullivan, zan ba wani abokin aikina da zai yi tafiya wata mai zuwa.

Alhaji, labarin yaron nan naka shi ne ya fi tsaya mini. Na yanke shawara zan je in gaisa da mai teburin unguwarmu tun kafin in gama karatun, in ji ko su wane ne manyan nan biyu. Tun da kai ka san zuciyar masu tebur, ina son ka gaya mini yadda zan shiga maganar ba tare da ya ga kamar na zo tuhumarsa ba, kuma ko ya fi kyau in je da rana lokacin da babu kowa, ko in je da dare yaron yana nan.